Bambanci Tsakanin Dikodar Bidiyo da Katin Ɗaukar Bidiyo

Dikodar bidiyo da katin ɗaukar bidiyo na'urori biyu ne da ake yawan rikita su a shagunan kayan lantarki da ɗakunan aikin yaɗa labarai. Dukkansu suna hulɗa da hoto mai motsi, dukkansu suna da ramukan saka waya iri ɗaya, wasunsu ma kamanninsu ɗaya a ido. Sai dai aikinsu ya yi hannun riga. Dikoda tana karɓar bidiyon da aka dunƙule domin sauƙin aikawa, ta warware shi ya koma hoton da za a gani a allo. Shi kuwa katin ɗauka yana karɓar hoton da ya riga ya fito daga kyamara ko wata na'ura, ya shigar da shi cikin kwamfuta domin a adana shi ko a yaɗa shi.

Sanin wannan bambanci ya wuce batun masana. Masallatan da ke yaɗa tafsirin azumi kai tsaye, da majami'u, da makarantu, da masu ɗaukar bukukuwa, da ƙananan gidajen talabijin na intanet duk suna sayen waɗannan na'urori da kuɗin da aka sha wahalar tarawa. Wanda ya sayi ɗaya a maimakon ɗayar ya yi asara, domin babu wadda za ta yi aikin 'yar'uwarta. Akwai kuma tsofaffin kaset-kaset na fina-finai da wa'azi da shirye-shiryen gidajen talabijin da ke lalacewa a ɗakunan ajiya, waɗanda cetonsu ya rataya ne a kan zaɓen na'urar da ta dace.

Tushen al'amarin: nauyin bidiyo

Bidiyo jerin hotuna ne da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, har ido ya ɗauka motsi ne. A tsarin talabijin da Nijeriya ta gada, hotuna 25 ake nunawa a kowane sakan. Kowane hoto ya ƙunshi ɗige-ɗige masu launi. Hoto mai inganci na zamani yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimilla ɗigo 2,073,600. Idan aka bai wa kowane ɗigo bit 16, kamar yadda aka saba a kayan aikin talabijin, aka ninka da hotuna 25, za a sami kusan megabit 830 a kowane sakan. Awa ɗaya ta irin wannan bidiyo za ta cinye fiye da gigabait 370 na ma'ajiya.

Babu tashar tauraron ɗan'adam ko layin intanet na gida da zai ɗauki wannan kaya ga kowace tasha. Shi ya sa ake matse bidiyo kafin a aika shi. Na'ura ko manhajar da ke matsewa ita ce inkoda, wadda ke warwarewa kuma ita ce dikoda. Idan aka matse wancan bidiyo zuwa megabit 5 a sakan, awa ɗaya ba za ta wuce gigabait biyu da kwata ba, wato an rage nauyinsa fiye da sau 160.

Dabarar matsewar ta dogara ne a kan cewa hotunan da ke bin juna sun yi kama ƙwarai. Mai karanta labarai yana motsa baki da hannu, amma bangon da ke bayansa yana nan yadda yake. Don haka inkoda tana aika cikakken hoto lokaci zuwa lokaci, a tsakani kuma sai ta aika bayanin abin da ya sauya kawai. Tana kuma zubar da ƙananan bayanan da ido ba ya lura da su, musamman na launi. Aikin dikoda shi ne ta ɗauki cikakken hoton, ta ɗora sauye-sauyen a kansa bi da bi, ta sake gina hotuna 25 ɗin nan a kowane sakan ba tare da ta makara ba.

Ƙa'idojin wannan aiki na duniya ne. An kafa kwamitin masana na MPEG a 1988. Tsarinsa na farko, MPEG-1, shi ne ya yi aiki a faifan VCD da ya mamaye kasuwar fina-finai a Nijeriya. MPEG-2 ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1990, shi ne na faifan DVD da tashoshin tauraron ɗan'adam na farko. A 2003 aka fitar da H.264, wanda har yau ya fi kowanne yaɗuwa, a 2013 aka fitar da HEVC, sannan a 2018 ƙawancen wasu manyan kamfanonin fasaha ya fitar da AV1. Kowane sabon tsari yana matsewa fiye da na gabaninsa, amma yana buƙatar dikodar da ta san shi. Dikodar da aka ƙera domin MPEG-2 kaɗai ba za ta nuna tashar da ke amfani da HEVC ba, ko da siginar tana da ƙarfi.

Ma'anoni uku na kalmar dikoda

Wani ɓangare na ruɗanin ya samo asali ne daga cewa kalmar tana ɗaukar ma'ana uku.

Ta farko ita ce wadda kowa ya sani, akwatin da ake ajiyewa kusa da talabijin, irin na DStv da GOtv da StarTimes da FreeTV, da kuma na tashoshin kyauta da ake kamawa da dish.

Ta biyu ita ce sashen da ke warware matsattsen bidiyo, ko a ina yake. Yana iya zama wani ɓangare na cif ɗin wayar salula ko na kwamfuta, yana kuma iya zama manhaja zalla, irin wadda ke cikin VLC. Duk wanda ya kalli bidiyo a WhatsApp ko YouTube ya yi amfani da dikoda ko bai sani ba. Idan waya tana da sashe na musamman da ya san tsarin bidiyon, tana nuna shi cikin sauƙi, batir kuma ya daɗe. Idan ba ta da shi, ƙwaƙwalwar wayar ce ke ɗaukar nauyin, sai wayar ta yi zafi, hoton ya riƙa sarƙewa.

Ta uku ita ce ta injiniyoyi, wato ɗan ƙaramin cif da ke karɓar siginar talabijin ta tsohon tsari, wadda ake kira analog, ya mayar da ita lambobi. Wannan ma'ana ce ta fi kusa da katin ɗauka, domin sau da yawa a cikin katin cif ɗin yake zaune.

Yadda akwatin dikoda yake aiki

Aikin akwatin yana bin matakai. Da farko sashen kamun tasha yana zaɓar zangon da ake so daga cikin abin da eriya ko dish ya kawo. Sannan a ciro lambobi daga igiyar rediyon, a gyara kurakuran da hanya ta haifar. Abin da ke fitowa rafi ne na ƙananan ƙunshe-ƙunshe, kowanne bait 188, waɗanda suka haɗa tashoshi da yawa a cakuɗe. Akwatin yana tsince na tashar da mai kallo ya zaɓa, ya ware na hoto da na sauti da na rubutu. Idan tashar ta biyan kuɗi ce, a nan ake buɗe makullinta da izinin da ke cikin kati ko cikin akwatin. Bayan haka ne ake warware matsewar, a fitar da hoto ta wayar HDMI ko ta wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja.

Waɗannan matakai suna bayyana abubuwan da masu kallo suka saba gani. Ɗan jinkirin da ake samu idan an sauya tasha yana faruwa ne saboda dikoda tana jiran cikakken hoto na gaba kafin ta fara gini. Idan hadari ya taso, talabijin ɗin da yakan yi yashi-yashi amma ana ci gaba da kallo. Na dijital kuwa hoton yakan farfashe gida-gida, ya daskare, ya ɗauke gaba ɗaya, domin bayanan da za a ɗora sauye-sauyen a kansu sun ɓata. Haka kuma tauraron da ke aiko da siginar yana da nisan kimanin kilomita 35,786 daga doron ƙasa, zuwa da dawowa kaɗai na cin kusan rubu'in sakan, ga lokacin matsewa da na warwarewa. Shi ya sa mai sauraren rediyo kan riga mai kallon dish jin an ci ƙwallo.

A gidajen talabijin akwai manyan dikodoji da ake jerawa a kan tarago, waɗanda ke karɓar shiri daga tauraro ko daga wakili a fili su miƙa shi ɗakin sarrafa shirye-shirye. Aikinsu ɗaya ne da na akwatin gida, sai dai an ƙera su su yi aiki dare da rana.

Dikoda da sauyin talabijin a Nijeriya

Talabijin ya fara a Nijeriya ranar 31 ga Oktoba, 1959, da tashar WNTV a Ibadan, kuma ya shafe fiye da rabin ƙarni a kan tsarin analog. A 2006, a birnin Janiba, ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka amince a ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya cewa za a koma tsarin dijital, aka sanya 17 ga Yuni, 2015 a matsayin wa'adi. Nijeriya ba ta cika wa'adin ba. An ƙaddamar da matakin gwaji a Jos ranar 30 ga Afrilu, 2016, a ƙarƙashin Hukumar Kula da Kafofin Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC. Abuja ta biyo baya a Disambar shekarar, sai Ilori da Kaduna a Disambar 2017, Inugu da Osogbo a Fabrairun 2018, Legas a Afrilun 2021, Kano kuma a Nuwambar 2021.

Tsarin da ƙasar ta zaɓa shi ne DVB-T2. Tsohon talabijin bai san wannan harshe ba, don haka yana buƙatar akwatin dikoda a tsakaninsa da eriya. Wasu sababbin talabijin suna zuwa da sashen kamun dijital a cikinsu, amma tashoshin da aka kulle suna buƙatar akwatin kamfanin da ya kulle su.

Dikodar analog

A tsohon tsari, haske da launi da alamomin daidaita layuka duk suna tafiya a waya ɗaya, wato mai kan rawaya. Duniya ta rabu gida uku a kan yadda ake cusa launi a cikin siginar. Amurka ta ɗauki NTSC a 1953, mai layuka 525 da hotuna kusan 30 a sakan. Injiniya Walter Bruch na kamfanin Telefunken a Jamus ya ƙirƙiro PAL, mai layuka 625 da hotuna 25, wanda aka fara yaɗa shiri da shi a 1967. Shi Nijeriya da Gana suka bi. Faransa ta fito da SECAM, wanda Jamhuriyar Nijar ta yi amfani da shi.

Cif ɗin dikodar analog yana gane tsarin da siginar ta zo da shi, ya raba haske da launi, ya auna hasken sau miliyan 13.5 a kowane sakan bisa ƙa'idar duniya da aka amince da ita a 1982, ya fitar da hoto mai ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye idan PAL ne. SAA7113 na kamfanin Philips da TVP5150 na Texas Instruments suna cikin sanannun irin wannan cif. Abin lura shi ne, cif ɗin bai san kwamfuta ba. Yana zubo lambobi ne kawai, ba shi da hanyar kai su ma'ajiya, ba ya kuma kula da sauti. Sai an haɗa shi da wasu sassa kafin ya yi amfani, kuma haɗin nan ne ke zama katin ɗauka.

Mene ne katin ɗaukar bidiyo?

Katin ɗauka ƙofa ce ta shigar da hoto cikin kwamfuta. Ramin HDMI da ke jikin yawancin kwamfutoci na fitarwa ne kawai; wanda ya saka wayar kyamara a ciki ba zai ga komai ba. Katin ne ke samar da ramin shiga.

Yana zuwa ne a siffa biyu. Akwai wanda ake buɗe kwamfutar tebur a soka shi a gurbin PCIe, wanda daga nan sunan kati ya samo asali. Akwai kuma na waje, ɗan akwati ko ɗan sanda da ake sakawa a ramin USB. Kamfanoni irin su Blackmagic Design da Magewell da AVerMedia da Elgato sun yi suna a wannan fanni.

A cikin katin akwai sashen karɓar sigina, wanda ya danganta da irin ramin: cif ɗin dikodar analog ga waya mai kan rawaya, mai karɓar HDMI ga kyamarorin zamani, ko mai karɓar SDI ga kayan gidajen talabijin. Ita SDI waya ce mai kai da ake murɗawa ya kulle, tana kuma kai hoto nisan mita da yawa fiye da HDMI, shi ya sa ƙwararru suka fi son ta a manyan zaure da filayen taro. Bayan sashen karɓa akwai na sauti, da ɗan ma'ajin wucin gadi da ke riƙe hotuna, da gadar da ke tura su cikin kwamfuta. A can kuma manhaja irin OBS Studio ko vMix tana karɓar hoton, ta haɗa shi da rubutu da sautin makirufo, ta matse shi, ta adana ko ta tura shi Facebook ko YouTube. Yawancin katunan USB na yanzu kwamfuta tana ɗaukar su kamar kyamarar hira, ba sa buƙatar wata manhajar girkawa.

Faɗin hanyar da ke tsakanin kati da kwamfuta shi ne ke yanke hukunci a kan inganci. USB 2.0 tana da iyakar megabit 480 a sakan, a aikace ma ba ta kaiwa nan. Wannan ya wadaci hoton tsohon tsari, wanda nauyinsa kusan megabit 166 ne, amma ya gaza megabit 830 na hoto mai inganci. Saboda haka katunan USB 2.0 masu araha suna matse kowane hoto a cikinsu kafin su tura shi, abin da ke rage kaifinsa. USB 3.0, mai gigabit 5 a sakan, tana ɗaukar hoton yadda yake. Wasu katuna kuma suna da cikakkiyar inkoda a cikinsu, suna ɗauke wa kwamfuta mai rauni nauyin matsewa.

Bambance-bambancen a jere

Ta fuskar alkibla, dikoda tana fitar da hoto zuwa allo, kati yana shigar da hoto zuwa kwamfuta.

Ta fuskar abin da ake ba su, dikodar dijital tana karɓar matsattsen bidiyo daga dish ko eriya ko intanet ko faifai. Kati yana karɓar warwararren hoto daga waya.

Ta fuskar cin gashin kai, akwatin dikoda yana aiki da talabijin kaɗai; kati ba ya yin komai sai da kwamfuta da manhaja.

Ta fuskar ma'aunin inganci, ana auna dikoda da irin tsarin matsewa da na yaɗawa da ta sani; ana auna kati da girman hoton da yake shigarwa, da yawan hotuna a sakan, da ƙarancin jinkiri.

Ta fuskar matsayi a sarƙar aiki, kati yana wajen mai shirya shiri, a farkon tafiya. Dikoda tana wajen mai kallo, a ƙarshenta.

Akwai na'urorin da ke kan iyaka. Katin kamun talabijin na kwamfuta, alal misali, yana kama tashar dijital daga eriya ya miƙa wa kwamfuta matsattsen bidiyon yadda ya zo, manhaja ce ke warwarewa. Akwatin dikoda mai ramin USB da ke adana shiri shi ma ba katin ɗauka ba ne, domin abin da ya zo daga tasha kawai yake kwafewa, ba zai karɓi hoton kyamara ba.

Yaɗa shiri kai tsaye

A zauren tafsiri ko na taro, sarƙar takan kasance haka: kyamara ta fitar da hoto ta HDMI ko SDI, kati ya shigar da shi kwamfuta, manhaja ta matse shi da H.264, intanet ta kai shi dandalin sada zumunta, dikodar da ke cikin wayar kowane mai kallo ta warware shi. Idan kyamarori sun fi ɗaya, ko dai a sayi kati mai ramuka da yawa, ko a sa na'urar sauya kyamara a gaba. Idan kuma ana son nuna shirin a babban allo a wani reshe da ke wani gari, a can dikoda ake buƙata, wadda za ta karɓi shirin daga intanet ta fitar da shi zuwa allon.

Haka abin yake a kyamarorin tsaro. Na'urar adana hoton tsofaffin kyamarorin analog tana ɗauke da cif-cif na dikodar analog da inkoda a akwati ɗaya. Kyamarorin da ke aiki da layin intanet kuwa suna matse hoton tun daga jikinsu, don haka ɗakin sa ido yana buƙatar dikoda mai ƙarfin warware hotuna da yawa a lokaci guda.

Ceton tsofaffin kaset

Nan ne kuskure ya fi tsada. Kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin VHS a 1976, kuma a kansa masana'antar fina-finan Hausa ta tashi, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Gidajen talabijin sun adana shirye-shiryensu a kan U-matic da Betacam na kamfanin Sony. A 2016 kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kunna VHS, ya daina. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar ma'adanan sauti da hoto ta duniya suka yi gargaɗi cewa lokacin kwafe abin da ke kan kaset yana ƙurewa, saboda na'urorin kunnawa da kayan gyaransu suna ƙarewa. Zafi da laima da ƙurar hunturu suna ƙara saurin lalacewar zaren kaset.

Abin da wannan aiki ke buƙata shi ne na'urar kunna kaset mai lafiya da katin ɗauka mai ramin analog. Ingancin cif ɗin dikodar da ke cikin katin yana da muhimmanci ƙwarai, domin siginar tsohon kaset tana rawa, cif mai rauni kuma yakan zubar da hotuna, har sauti ya riƙa riga baki ko ya biyo bayansa. Ƙwararru suna sanya na'urar daidaita lokacin sigina a tsakanin na'urar kunnawa da kati domin magance wannan. Dole ne kuma a saita katin a kan tsarin da aka ɗauki kaset ɗin. Idan aka saɓa tsakanin PAL da NTSC da SECAM, hoton yakan fito baƙi da fari ko ya riƙa birgima.

Ana so a kwafe hoton a girmansa na asali, 720 da 576, ba tare da an buɗa shi ba, domin buɗawa ba ta ƙara abin da babu a kaset. Ma'adanai da yawa suna ajiye kwafin asali a tsarin da ba ya zubar da komai, irin FFV1, sannan su fitar da ƙaramin kwafi na kallo. Kwafa tana cin lokaci daidai tsawon kaset, kuma tsohon kaset mai yiwuwa sau ɗaya zai yarda a kunna shi lafiya. Wanda ya kwafe shi da na'ura maras inganci sannan ya zubar da kaset ɗin ya rufe ƙofar gyara har abada.

Fim na silima da ke kan faifan majigi al'amarinsa daban ne, domin ba sigina ba ce, hotuna ne a jikin leda, sai da na'urar da ke ɗaukar hoton kowane gida. Ta wannan hanya aka farfaɗo da fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, wanda aka sake nunawa a bikin fina-finai na Balin a 2018.

Baƙin allo da batun doka

Mutane da yawa sukan haɗa akwatin dikoda da katin ɗauka ta HDMI, sai su tarar da baƙin allo, su ɗauka katin ya lalace. Galibi dalilin shi ne HDCP, wani makulli da kamfanin Intel ya ƙirƙiro domin hana kwafar shirye-shirye masu haƙƙin mallaka. Akwatin yana tambayar na'urar da ke gabansa ko tana da izini. Talabijin yana da shi, katin ɗauka ba shi da shi, don haka akwatin ya ƙi sakin hoto. Kyamarori ba sa sanya wannan makulli.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a Maris na 2023, ta haramta karya irin waɗannan matakan kariya na fasaha, in ban da wasu keɓaɓɓun yanayi da ta ambata. Sake yaɗa wasan ƙwallo ko fim daga tashar biyan kuɗi zuwa intanet ba tare da izini ba keta haƙƙin mallaka ne, ko da wace na'ura aka yi shi.

Abubuwan dubawa kafin saye

Tambayar farko ita ce daga ina hoton zai fito, kuma ina za shi. Idan daga dish ko eriya ko intanet zai je allo, dikoda ce. Idan daga kyamara ko na'urar kaset zai shiga kwamfuta, kati ne.

Mai sayen dikoda ya duba ko ta eriya ce ko ta dish, wato DVB-T2 ko DVB-S2, domin ɗaya ba ta kama siginar ɗaya. Ya duba ko ta san H.264 da HEVC, ya kuma tabbatar ramin fitarwarta ya dace da talabijin ɗinsa.

Mai sayen kati ya bambance tsakanin girman hoton da katin ke karɓa da wanda yake shigarwa kwamfuta. Kwali yana iya ɗaukar rubutun 4K alhali abin da ke isa kwamfuta 1080 ne ko ƙasa da haka. Shuɗin launi a bakin USB ba hujja ba ce cewa na'urar tana gudu da saurin USB 3.0, manhajar ɗauka ce za ta nuna gaskiyar girman hoto da yawan hotunan da ke shigowa. Ya duba ko katin yana karɓar hotuna 25 da 50 a sakan, waɗanda suka dace da wutar lantarkin Nijeriya mai bugu 50, domin ɗauka a kan 30 ko 60 a ƙarƙashin wasu fitilu tana sa hoto ya riƙa ƙyaftawa. Idan ana buƙatar ganin hoton a wani allo ba tare da jinkiri ba, a nemi kati mai ramin fitarwa na biyu.

Abin da ya fi tabbas shi ne a gwada na'urar da ainihin kyamara da kwamfutar da za a yi aiki da su, na tsawon aƙalla rabin awa, domin wasu katuna sai sun ɗauki zafi suke fara zubar da hoto ko yanke sauti. Gara a gano haka a shago da a gano shi bayan malam ya hau mumbari.